Hure da Nonon Kurciya

Hure Bafillatana ce, matar wani makiyayi mai suna Yero. Tsofaffin Dogon Dutsi da suka san ta sukan fara da ba ka labarin tafiyarta: mace mai tsawo, siririya, ƙwarya bisa ƙwarya a kanta, ba ta kai hannu ta tallafa ko da tana haura tudu. Can kudu aka haife ta, a fadamun kusa da Gaya inda giginya ta fi mutane yawa, aure ne ya kawo ta Arewa. Ta haifi ƴaƴa shida, huɗu suka rayu. A lokacin da abin nan ya faru, autanta ya kai shekara goma da yaye, furfura kuma ta fara leƙowa daga cikin kitsonta.

Kowace shekara in an gama yankan gero, Yero yakan kafa rugarsa a gonar wani kafinta, Barthélemy, shanu su ci kara su bar masa taki. Barthélemy Ba'are ne, wato ɗan ƙabilar Arawa, yana cikin ƴan tsirarun Kiristocin garin, shi ne ma ya sassaƙa bencinan majami'arsu. Matarsa Odile ce take sayen nono a wurin Hure. Tsakanin Fulani da Arawa kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka ba su taɓa yin ciniki ba tare da tsiya ba.

"Bafillatana, yau ma ruwan tabki kinka ƙara ma nonon?" in ji Odile.

"Sha ki gode, baiwata. Ku Arawa da ba don mu ba, da fura gaya za ku mutu kuna sha."

Sai su yi dariya, Odile ta jawo mata tabarma, ta huta kafin ta wuce kasuwa.

A shekara ta biyu bayan samun mulkin kai, da farkon kaka, Odile ta haifi ɗiya mace, haihuwarta ta fari bayan dogon jira. Jini ya ƙi tsayawa. Kafin ranar suna ta zagayo an binne ta.

Jaririyar ta rage a hannun Marguerite, yayar Barthélemy, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa kuma ba ta taɓa haihuwa ba. A cikin Kiristocin garin babu mai goyo a lokacin. Matan unguwa masu shayarwa kuwa tsoro ya kama su, don an ce an ga Odile da tsohon ciki ta ratsa ƙarƙashin wata tsamiya da tsakar rana, doguwa, aljanar da ke zaune a wurin, ita ce ta ɗauke ta, kuma duk wadda ta ba ɗiyar mama za ta bi ta. An karɓo madarar gwangwani daga gidan likita, yarinyar ta sha ta amayar. Nonon akuya ne kawai yake ɗan zama a cikinta, shi ma ba yawa.

Hure ta zo gaisuwa ba tare da ƙwaryarta ba. Tana durƙushe a tsakar gida sai ta ji wani ɗan kuka daga ɗaki, siriri, yana yankewa. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta shiga, ta karɓi yarinyar daga hannun Marguerite, ta sassauta zanenta ta ɗora ta a ƙirji. Babu komai a ciki, amma yarinyar ta kama ta yi shiru.

Hure ta daɗe tana kallonta. Ta tuna tana budurwa ta ga mahaifiyarta, da tsufanta, ta shayar da jikanta bayan uwarsa ta rasu.

"Ku samo mini nonon kurciya," ta ce. "Da gero da kanwa."

"Inna, mi za ki yi da ita?" in ji Barthélemy daga bakin ƙofa.

"Abin da Allah ya yarda."

Nonon kurciya ƴar ciyawa ce da mata suke sa wa mai jego a kunu in nononta ya yi ƙaranci. Kowa ya san sunan, ba wanda ya tsaya tambaya. Washegari da hantsi mutum uku suka dawo, kowa da abin da ya tsinko, suka zube a kan faifai a gaban Hure.

Marguerite ta samo tata a bakin rijiyar wani lambu. Tsaye take, karanta da gashi-gashi, ganyenta bibbiyu suna fuskantar juna, da ƴan dunƙulen fure a hammatar kowane ganye. Barthélemy ya tsinko tasa a kan yashin hanyar Kore Mairuwa, ita kuwa kwance take, ta baje a ƙasa kamar an taka ta, ganyenta bai fi ƙwayar dawa ba. Yero ya kawo tasa daga wata saura a bayan dutsi, mai jan kara, rassanta sun sunkuyo, ganyen ƙarshensu sun haɗe sun rufe juna.

"Wagga ita ta," in ji Marguerite, tana nuna tata. "Ita uwarmu ta nuna mini."

"Yaya, uwarmu guda fa," in ji Barthélemy. "Ni wagga ta kwance ta aike ni in ɗebo, ba sau guda ba."

Yero ya jingina da sandarsa ya girgiza kai. "Arawa ke nan. Ciki guda kunka fito, ciyawa guda ta gagare ku. Tun ina yaro nike ganin tumaki na cin wagga, ba a taɓa kiran ta da wani suna ba."

Duk suka juya ga Hure, ita ce mai raba gardama. Ita kuwa wadda ta sani a fadamun Gaya ta fi kama da ta Marguerite, amma waccan ta kusa kai gwiwa, ganyenta ma ya fi faɗi. Ko ita ce ƙasar Arewa ta tsumburar, ko wata ce ta huɗu, Hure ba ta iya rantsewa ba.

Ta ɗauki ta farko ta karya karan. Wani farin ɗigo ya fito. Ta ɗiga a tafin hannunta. Ta karya ta biyu, ta karya ta uku. Ɗigo uku suka jeru a hannunta, farare tas, ba ka iya cewa ga na wannan ga na waccan. Gardama ta mutu. Su huɗu suka sunkuya suna kallon tafin hannu kamar ba su taɓa ganin ciyawa ba.

"Ikon Allah," Hure ta ce a hankali. "Ba su haɗa kama ba, ba su haɗa wurin tsira ba. Wa ya bi su ɗai-ɗai ya karya, har ya gane dangi na?"

"Ni abin da ban gane ba," in ji Marguerite, "kurciya ina ta ga nono? Tsuntsuwa ta, ba ta da mama."

Yero ya gyara tsayuwa. Ya ce shi ya taɓa zama a ƙarƙashin wata aduwa yana kiwo, da sheƙar kurciya a reshen da ke daidai kansa. Ya ga ƴaƴan, tsirara ko gashi babu, suna cusa baki cikin bakin uwar, tana zubo musu wani abu fari daga maƙogwaronta. Da uban ya zo, shi ma haka ya yi. Ya ce bai taɓa ba kowa labarin ba, don kada a ce Bafillace ya yi ƙarya.

Hure ta shafe ɗigon uku a ƙirjinta, ta tattara ciyawar duka. "A dafa su gaba ɗaya," ta ce. "Wadda Allah ya sa ma sirrin ta san kanta."

Yero bai hana ba, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba sai da ya je wurin Malam Sha'ibu, limamin da yake bi sallar Juma'a, ya tambaye shi hukuncin Musulma ta shayar da ɗiyar Kirista. Malamin ya ce ceton rai ne, babu laifi, amma ya sani daga ranar da nonon ya shiga cikin yarinyar ta zama ƴar'uwar ƴaƴansa, ba aure tsakaninsu har abada. Yero ya dawo ya kafa wata ƴar bukka kusa da ta Hure, don Marguerite ta dawo ruga da yarinyar ta zauna.

Sai jira. Hure tana shan kunun kanwa da ciyawar nan safe da yamma har ya gundure ta, tana ɗora yarinyar a ƙirji duk lokacin da ta motsa. Marguerite tana tsoma yatsa a nonon akuya tana ɗiga mata a gefen baki. Kan maman Hure ya tsage, in yarinyar ta kama sai ta cije leɓe. Mako ya wuce, wani ya shiga, babu komai. Wuyan yarinyar ya zama kamar zare. A bakin rijiya mata suka fara ja da baya in Hure ta iso, wata ma ta gaya mata a fili cewa tana wasa da abin da ya fi ƙarfinta. Ranar da Hure ta tashi da ciwon kai da zazzaɓi, ita kanta ta tsorata, ta ce wa Marguerite in ta mutu a gaya wa ƴaƴanta ba wanda ya tilasta mata. Zazzaɓin ya sauka. Ta ci gaba.

Wata safiya tana tsugune tana tatsar wata jar saniya, yarinyar a goye, sai yarinyar ta farka ta yi kuka. Hure ta ji wani abu ya tsarga mata daga kafaɗu zuwa ƙirji, kamar tururuwa na tafiya a ƙarƙashin fata, abin da ta manta da shi shekara da shekaru. Ta duba. Zanenta ya jiƙe wuri biyu.

Ƙwaryar ta suɓuce daga gwiwoyinta, madara ta malale a ƙasa, ba ta ko waiwaya ba. Ta kwanto yarinyar ta ba ta. A karon farko aka ji ƙarar haɗiya.

Marguerite ta fito daga bukka, ta gani, ta zube a kan gwiwoyinta cikin kashin shanu tana yin alamar gicciye, bakinta na motsi ba sauti. Yero, da kunyar Fulani ba ta barin ya kalli matarsa tana shayarwa, ya juya baya ya fuskanci garke, sai dai aka ji yana ta maimaita kabbara. Da labari ya kai wa Barthélemy, ya bar katako a kan benci ya taho da gudu, da guduma a hannunsa bai san yana riƙe da ita ba. Ya tsaya daga nesa, hawaye na bin fuskarsa.

"Inna," ya ce. "Inna."

"Kai Ba'are, kuka ba ya cika tulu," in ji Hure, idonta na kan yarinyar. "Tahi ka ɗebo mini ciyawa."

Matan da suka guje ta su ne suka fara zuwa kallo. Labari ya kai kasuwar Kore Mairuwa, ya kai Tibiri da Ɗan Kassari. Marguerite ta tsaya a kan cewa ciyawarta ce ta yi aikin, Yero ya ce tasa, wasu suka ce kanwa ce, wasu suka ce bakin yarinyar ne ya kira nonon. Hure ba ta taɓa zaɓa ba. Abin da ya canja gare ta shi ne, ta daina yarda cewa in ta san suna ta san abu. Duk inda garke ya sauka sai ta ce a nuna mata kalgon wurin, da anzarsu, da gadalinsu. Ta tarar kalgon kudu ganyensa da gashi a ƙasa, na Arewa kuwa sumul. Ta ga anza mai zama ɗan kurmi da anza mai zama itace. Gadali kuwa, mai kama da albasa, ta gaji da ƙirga iri-irinsa. Takan juya ganye a hannu ta yi ta kallonsa, har sai an taɓa ta.

Kafin damina, da lokacin tashin shanu ya yi, aka kai yarinyar majami'a aka yi mata baftisma, aka sa mata suna Ƙauna. Hure ta tsaya a bakin ƙofa har aka gama, aka miƙo mata ita da ruwa a goshi. Barthélemy ya raka su har bayan gari, ya ga an ɗaure kaya a kan takarkari, ɗiyarsa a bayan Hure, suka yi arewa.

Damina biyu Ƙauna ta yi tana bin garke, da rani kuma tana gonar ubanta. Da aka yaye ta, Hure da Yero suka kawo ta gida da ƙafarta, da ƴan kitso irin na Fulani, an jera mata farin wuri a gashi. Ubanta ya yi mata magana, ta amsa masa da Fillanci, ya dubi Marguerite, Marguerite ta dube shi, ba wanda ya gane. Yero ya ɗaure wata ƴar karsana fara a turken gidan, ya ce ta Ƙauna ce, haka yake ba kowace ɗiya tasa.

Hure ta zaunar da yarinyar a cinyar Marguerite, ta sa mata dunƙulen fura a hannu, ta miƙe ta fita ba ta waiwaya ba. Karsanar ta yi ta jan igiya tana kuka wajen ƙofa. Ƙauna ta sauko da furarta, ta je ta dafa mata wuya tana yi mata magana da harshen ruga, har ta lafa ta fara cin harawa.