Mai Gadin Auwalu da Agogon Tsohuwa

Har yau ban manta ranar da aka zaɓi wanda zai raka Oga zuwa Garki ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da komai yana tafiya sumul, shi ya sa nake so ku ji yadda aka yi.

A lokacin kamfanin nan namu na Dutse ɗaki biyu ne da fanka mai ƙara. Aikin da ke hannunmu na wata ƙungiyar manoma ce a Garki, suna son shafin intanet da mutum zai shiga ya nemi hayar tarakta. Ga wanda bai san sana'ar ba, mu muke rubuta kod, wato umarnin da manhaja take bi, ita kuma manhajar da ake kira saba ita take karanta kod ɗin ta nuna shafi. Sau ɗaya take karantawa, lokacin da aka tayar da ita. Ko waƙafi ka gyara, ba za ta sani ba sai an kashe ta an sake kunnawa.

Sabar gwajinmu tana kan wata kwamfuta da muke kira Tsohuwa, a ƙarƙashin teburina, kuma ni kaɗai nake taɓa ta. Duk wanda ya yi gyara sai ya ɗaga murya: "Malam Sabo, a kashe a kunna!" Har sunan ya bi ni, Kashe-Kunna. Nakan ɓata fuska, amma a raina daɗi nake ji, don ba a motsi a ofishin sai da ni. Da Oga, mai kamfanin, ya ce wanda ya raka shi Garki shi zai riƙe aikin gaba ɗaya, ban ma yi tunanin wani zai sha gabana ba.

Sai ga Auwalu, mutumin Miga, sa'ana ne, ya dawo daga aiki a Kano. Satinsa na farko ya ji ana ta kirana, ya ce, "Wai kullum haka kuke fama?" Ya nemi izinin Oga ya sa wa Tsohuwa wata 'yar manhaja da ya kira mai gadi. Aikinta ta riƙa leƙa fayilolin kod, da ta ga an taɓa ɗaya sai ta sake tayar da saba da kanta.

Daga ranar aka daina kirana. Kowa ya adana gyaransa, ya sabunta shafi, ya gani nan take. Ni kuwa ina zaune kamar wanda aka kwashe wa kasuwa. Oga ya shigo, "Ina Auwalu?" Ya fita, "Ku tambayi Auwalu." Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mutumin ba shi da girman kai, kullum da gaisuwarsa, ban samu ko abin riƙewa ba.

Ana jibi tafiya Oga ya tara mu gwajin ƙarshe. Muna farawa aka ɗauke wuta. Aka tayar da janareta, Auwalu ya sunkuya ya kunna Tsohuwa da hannunsa, ina kallo. Oga ya duba shafin ya ce, "Ku cire min 'Yi rajista' ɗin nan. Manomi in ya ji rajista, haraji yake tunawa. Ku sa 'Kama layi'."

Auwalu ya gyara, ya adana, ya sabunta. "Yi rajista" tana nan daram. Ya sake, tana nan.

"Mai gadin naka barci ya yi?" in ji Oga.

Wani sanyi ya ratsa ni, Allah Ya yafe min. Na san ciwon. Ɗan batirin agogon Tsohuwa ya daɗe da mutuwa, duk sanda wuta ta ɗauke sai agogon ya koma shekarun baya, ni nake saita shi da hannu ba wanda ya sani. Shi kuwa mai gadi lokacin da aka adana fayil yake dubawa, in ya ga sabon lokaci ya san an yi gyara. Yanzu gyaran Auwalu ya fito da kwanan watan da ya girmi tsohon fayil ɗin, don haka mai gadi bai ga komai ba.

Na gyara zama na yi wannan bayani dalla-dalla, ina ɗan jan murya don kowa ya ji. Na saita agogon, na ce, "Malam Auwalu, sake adanawa." Ya adana. "Kama layi" ta fito, aka sa tafi.

Oga ya yi dariya ya ce, "Ashe mai gadi ba shi da laifi! Auwalu, ka shirya jibi."

Auwalu ya ce, "Yallaɓai, ai Malam Sabo ne ya gano matsalar."

"Shi ya sa," in ji Oga. "Wa ya san halin Tsohuwa kamarsa? Ya zauna kusa da ita, kar ta ba mu kunya muna can. Malam Sabo, ka samo mata batir yau ɗin nan."

Na hau a-daidaita zuwa kasuwa na sayo batirin, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga. Da hannuna na sa mata shi, kuma na san abin da nake yi: sirrin ƙarshe da ya sa ake nemana ne nake rufewa. Bayan kwana biyu suka tafi Garki, Auwalu a gidan gaba na motar Oga. Ya dawo min da tsarabar fura, na karɓa na yi godiya, ta yi min tsami a baki.

Abin da ranar ta koya min shi ne, a sana'ar nan wanda ya sa aka daina kiran mutum shi ake ɗagawa, wanda ake kira kullum kuwa sai a ɗaure shi a inda ake kiransa. In kun ga kanku kuna maimaita abu ɗaya da hannu har ana yi muku kirari a kai, ku yi maza ku koya wa na'ura kafin wani ya zo daga Kano ya koya mata. Ni ma da mai gadin nake aiki yanzu, kuma yana da kyau, wallahi yana da kyau. Sai dai duk sanda na adana na ga shafi ya canja da kansa, nakan ɗan kasa kunne, ko wani zai ce a kashe a kunna.