Dokin Ƙofar Hagu

Shekara talatin da huɗu Alwyn Tranter ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukan da ke kewaye da garin Clun, kuma ba a taɓa jin ya wuce ko da tarakta a hanya ba. Manoma kan ce in ka hango motar aikinsa a kan tudu, to ka ɗora ruwan shayi, za ka sha ka wanke kofi kafin ya iso ƙofarka. Wannan shi ne Alwyn na Litinin zuwa Asabar. Na ranar Lahadi wani mutum ne daban.

A garejin bayan gidansa akwai wata 'yar koriyar mota mai kujera biyu, ana ce mata Ledwich. Wasu 'yan'uwa biyu ne suka ƙera irinta a wata rumfa, guda ɗari da 'yan kai, sannan suka yi faɗa suka rufe rumfar. Tsayinta bai kai ƙugun mutum ba. Rufinta tamfol ne, wanda aikinsa kawai ya tara ruwan sama ya juye maka a cinya. Dokin ƙofarta kuwa ya kusa kai gwiwa, ga faɗi, sai ka ɗaga ƙafa ka tsallaka, ka dafa, ka zame ciki a hankali kamar mai shiga wanka. Shi ya sa matarsa Glenys ba ta taɓa kiranta mota ba. Baho take ce mata.

Ranar da ya kawo ta, suna da shekara biyu da aure, Glenys ta fito tana share hannu da tsumma, ta zagaya ta sau ɗaya.

"Ina sauranta?"

"Ita ke nan."

"Alwyn, dube ni. Kuɗin gyaran kicin ɗina ne wannan?"

"Tana yin mil ɗari a awa guda fa."

"Madalla. Sai ta dafa maka abinci."

Duk wanda ya riƙe irin wannan mota ya san wahalarta. Babu shagon da ke sayar da kayanta. In ka kai ta wurin makaniki, sai ya kira abokan aikinsa su zo su yi kallo, su yi dariya, sannan ya ce ka gwada wani wuri. Daga Oktoba zuwa Afrilu tana ɗage a kan katako saboda gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, mai cin ƙarfe. Idan ta sauko kuma, ranar da ta ga dama take tashi. Shekara goma sha ɗaya Alwyn ya yi yana neman hannun ƙofarta na hagu, na asali, har ya samu labarin wata tsohuwa can kusa da Aberdeen a Scotland, da mijinta ya rasu ya bar mata ɗaya a jikin ƙofar akurkin kaji. Ya hau jirgin ƙasa ya je. Ya kunto hannun, ya sa mata sabo, da ya ga akurkin na yoyo ya tsaya ya gyara mata rufin, ya dawo gida da ƙwai goma sha biyu da mura.

Ba don komai yake wannan ba sai don lambar tagulla. Masu Ledwich suna da ƙungiya, duk watan Yuli sukan taru a wani fili su jera motocinsu, su ci burodi da cuku, kowa na kushe ta ɗan'uwansa cikin ladabi. Alƙalinsu Hubert Maddox ne, tsohon mai walda, gajere, mai yawo da madubi a kan sanda yana leƙa ƙarƙashin motocin mutane. Motar da ya samu tana nan yadda ta fito daga rumfa, ba a yanke ba, ba a huda ba, ba a sa mata baƙon ƙarfe ba, ita yake maƙala wa lambar a gaba. Motoci bakwai ne kacal ke da ita. Ta Alwyn ce ta bakwai, kuma ya fi goge lambar nan a kan takalminsa na zuwa coci.

Amma akwai abin da madubin Hubert bai taɓa gani ba. Ledwich tana da ƙara, da zarar ta ɗauki gudu ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba. Glenys ce ke riƙe taswira, don haka tun farko suka yi yarensu na hannu. Takan ɗora hannunta na dama a gwiwarsa. Bugu ɗaya, hagu. Bugu biyu, dama. In ta matse, rage gudu. In ta mintsine shi, ya wuce hanya, kuma zai ji sauran bayani idan an tsaya.

A shekara ta biyar da aurensu suka haifi 'ya mace, ta kwana uku ta koma. Ba su sake samu ba. Maƙwabta suka yi ta zuwa da kek da maganganu masu kyau, gidan kuwa da an fita sai ya yi tsit, kowa na tsoron abin da zai fito daga bakinsa. Wata Lahadi Glenys ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauko taswira, ta je gareji ta zauna a cikin bahon. Suka yi tafiyar awa shida ran nan, hannunta na kan gwiwarsa. Daga nan Lahadi ta zama tasu. Ba ta fasa zagin motar ba ko sau ɗaya. Tana ɓata mata gashi, tana jiƙa mata siket, tana warin fetur. Amma ita ke fara shiga.

Haka suka yi shekara arba'in da ɗoriya.

Tana da shekara saba'in da ɗaya, wata safiya, ta faɗi a kicin. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta tafi ta bar mata kalmomi kaɗan: "to", "a'a", da rabin sunansa. Hankalinta na nan garau, wannan ne ma abin da ya fi ciwo. Masu zuwa dubiya sukan ɗaga murya kamar kurma suka samu, in ta fara laluben kalma sai su ƙarasa mata, kuma ba su taɓa dacewa ba. Shi ma Alwyn haka. Ta ce "Al…" ya kawo shayi. Ta ce "a'a" ya kawo bargo. Sai ta juya fuska bango, shi kuma ya tsaya riƙe da bargo kamar wanda ya kai wasiƙa gidan da ba nan ba.

Shekara guda bai buɗe garejin ba.

Wata Lahadi cikin Mayu ya fito daga wanka bai gan ta a kujerarta ba. Ya same ta a bakin gareji, ta dogara sandarta mai ƙafa huɗu ta kai kanta can, ɗankwalin a karkace don da hannu ɗaya ta ɗaura, taswira a hammata. Ya sauko da motar daga katako, ya buɗe mata ƙofar hagu.

Mai shiga ta hagu da ƙafar dama yake farawa, ita ce kuwa wadda ta mutu. Ya durƙusa ya ɗaga mata ita, ba ta kai ba. Suka gwada ta baya. Ya gwada ɗaukarta ɗungurungum, bayansa na ɗan shekara saba'in da huɗu ya ce bai san zance ba, suka zube tare a kan siminti. Glenys ta fara dariya, dariyar ta yi nisa, ta koma wani abu daban. Ya zauna a gefenta yana kallon dokin ƙofar nan da ya shekara arba'in yana gogewa.

Washegari ya buga wa Hubert waya, Hubert ya zo har da madubinsa.

"Daga nan zuwa nan," in ji Alwyn, yana nuna layin da ya ja da alli. "A sauke shi zuwa tafin ƙafa. A ƙara wa ƙofar tsawo."

Hubert ya dubi layin, ya dubi Alwyn. "Tsoho, ka sha maganinka yau?"

"Na sha."

"To ƙara. Bakwai suka rage a duniya, bakwai! Kai ne fa ka je Scotland ka yi wa kaji fashi saboda hannun ƙofa. Ka sayi mota mai tsayi irin ta mutane, ka ɗauki matarka ku je duk inda kuke so."

"Na ɗauke ta a irin waccan. Ba ƙara, ba komai. Muna zaune tana neman magana, ni ina jira, rediyo na ta surutu. Kamar falo ne aka sa wa taya."

"Wannan motar ba taka ba ce, Alwyn. Riƙo aka ba ka. Bayan ni da kai wani zai karɓa. Kuma ƙarfinta duk a wannan dokin ƙofar yake, ka yanke shi ba daidai ba ta naɗe da ku a kwana kamar kujerar bakin teku."

"Shi ya sa na kira ka."

"To ka kira wani. Ni ban taɓa sa wa Ledwich zarto ba, ba kuma zan fara da furfura ba."

Ya tafi ko shayinsa bai shanye ba.

Glenys na jin su daga bakin ƙofa. Da Hubert ya fita ta matso, ta ga allin, ta gane. "A'a," ta ce. Ta sa hannun rigarta ta goge layin iya inda za ta iya kaiwa. "A'a, Al… a'a." Ta nuna lambar tagulla da sandarta. Ita ce ta yi masa guzurin tafiya Aberdeen, ta san abin da lambar ta ci.

Ya ɗauki allin ya sake ja. "Shekara nawa kina ce mata baho? To baho ma akan yi masa ƙofa idan masu shi sun tsufa. Matsa min, tsohuwa, kin tare haske."

Ranar Asabar da safe ya kwance lambar da kansa, ya goge ta, ya sa a ambulan, ya rubuta suna da adireshi da kyakkyawan rubutu. Bai sa kan sarki ba. Ya hau bas zuwa gidan Hubert, ya tura ta ta kafar wasiƙu da ke jikin ƙofa, ya ji faɗuwarta a kan tabarmar ciki. Ita ce wasiƙa ta ƙarshe da ya kai wa wani. Ya dawo ya ɗauki zarto.

Ya fi minti goma tsaye, haƙoran zarton na kan fenti. Da ya ja na farko sai da ya rufe ido.

Ya ci kamar rabin ɗan yatsa ke nan ya ji tsayuwar mota a waje. Hubert ya shigo yana jan injin walda, fuska a murtuke. Ya sunkuya ya duba yankan.

"Wa ya koya maka riƙe zarto? Dubi yadda ya karkace. Burodi kake yankawa?"

"Ka ce ba za ka zo ba."

"Ban zo don kai ba. In dai sai an yanka ta, gara wanda ya iya ya yanka. Ba ni nan. Je ka ɗora ruwa, shi ka iya."

Mako uku suka yi. Hubert ya shimfiɗa sabon ƙarfe a ƙarƙashi ya ɗauki nauyin wanda aka cire, ya ƙara wa ƙofar tsawo, ya mayar da hannun nan na akurkin kaji a mazauninsa. Aikin ya yi kyau har wanda bai sani ba zai rantse haka ta fito daga rumfa. Alwyn ya faɗa masa haka, da 'yar wata murya.

"Ni na sani," in ji Hubert. "Lamba kuwa ta tafi ke nan. Kada ma ka dube ni."

"Ban tambaya ba."

"Na ga idonka."

Lahadin da ta biyo baya, Glenys ta juya baya ta zauna a kujerar kamar a gefen gado, Alwyn ya shigar mata da ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Motar kuwa, don kada a ce ta canza hali, sai da ta ƙi tashi har sau biyar. A na shida ta yi tari ta kama, garejin ya cika da ƙara da hayaƙi, ya ga Glenys ta saki kafaɗunta.

Suka gangara ta cikin gari, suka haye gada, ya ba motar wuta. Sai a lokacin ya lura ba komai a kan gwiwarsa. Hannunta na dama na kwance a cinyarta inda ya ajiye mata shi. Duk lissafin da ya yi na mako uku, na ƙafa ne, bai tuna da hannu ba. Mararraba na matsowa. Hagu gajeriyar hanya ce da za ta zagayo da su gida cikin rabin awa. Dama ita ce ta bakin teku, mil sittin, ga hadari ya haɗo ta can, ga tamfol ya baro shi rataye a gareji. Ya fara rage gudu, ya sa hannu zai kunna sigina ta hagu.

Glenys ta saki taswirar. Ta sa hannun hagu ta ɗago na daman, ta ɗora shi a gwiwarsa, ta gyara masa zama. Sannan ta buga a bayan hannun. Ɗaya. Biyu.

"Za a yi ruwa fa!" Alwyn ya ɗaga murya. "Ba mu da rufi!"

Ba ta ji ba, ko kuma ta ji. Ta miƙo yatsun hagu ta mintsine shi, da ƙarfi, daidai inda ta saba.

Ya karya kan motar dama.