Loretta da Injin Yanke Ciyawa

Shekara talatin Loretta Guidry tana tuƙa motar 'yan makaranta a garinmu Houma. Tana yin ritaya, kuɗin inshorar gida da lafiya da mota suka yi tashin gwauron zabi. Ta sayar da motar, ta koma zuwa coci a kan injin yanke ciyawa.

Wata Lahadi ɗan sanda ya tare ta, ashe Terrence ne, tsohon fasinjanta.

Ya ce, "Mama, wannan fa ba mota ba ce."

"Shi ya sa ba shi da inshora. Kauce, kar in tuna maka ranar da ka jiƙa mini kujera."

Ya kauce. Yanzu tsofaffi huɗu ke zuwa coci a kan injin yanke ciyawa, fasto har ya ware musu inuwa.