Igiyar Aloysius Mai Hoto

Aloysius Akaa ya fi shekara talatin yana ɗaukar hoto a Bukan Sidi, kuma tsofaffi ne mutanensa. In manomin Agyaragu ko Doma ya ji ƙarfi ya fara ja baya, sai ya saka kayan coci ya zo a yi masa hoton da za a buga a fosta ranar jana'izarsa.

Abin da ke kawo su wani tsohon gilashin kyamarar fim ne, mai nauyi kamar dutsen guga, wanda wani fadan coci ya bar masa. Gilashin ba ya son kusanci. Sai ka ja baya taku biyar, ka murza shi da hannu har fuska ta fito tas, abin da ke bayanta ya narke. Masu son sayen gilashin sun zo tun daga Legas, ya ba su ruwa ya sallame su.

Da yanar ido ta kama shi bai gaya wa kowa ba. Igiya ya samu ya ƙulle daidai taku biyar. Yakan ja ta daga kyamara zuwa hancin wanda zai ɗauka, ya daka tsawa: "Kar ka motsa!" Haka ya ci shekara uku asirinsa a rufe.

Sai dai wanzami ba ya son jarfa: shi ba shi da hoto ko ɗaya. Abin ya dame shi, don ba ya son a binne shi da hoton waya. Fim ɗinsa na ƙarshe saura ɗauka ɗaya, sai ya auna igiya, ya zauna, ya tsayar da matarsa Ngumimi bayan kyamara.

"Baban Mimidoo, wanne zan danna?" ta tambaye shi.

"Na sama mana!" Ya sunkuyo yana nuna mata. Ta danna.

Bayan wata guda hoton ya dawo daga wanki. Majinginin kujera ya fito tas, fuskar kuwa ta narke. Aloysius ya kai shi bakin ƙofa, ya daɗe yana dubawa.

"Ya yi?"

"Ya yi," in ji Ngumimi.

Bara aka buga shi a fosta. Shi kaɗai ne hoton shagon da sai an karanta suna ake gane mai shi.