Takardar Makaɗin Noma

Shekaranjiya maƙwabciyata ta jiƙa fatar akuya da toka a bayan danga, iska ta kwaso warin ta kawo mini har bakin ɗaki. Na ajiye tsintsiya na zauna. Ku da kuka tashi yanzu wari kawai za ku ji. Ni kuwa mahaifina na ji, zaune gindin tsamiyar gidanmu, ganga tsakanin ƙafafunsa. To ku matso. Wannan ba ta gizo ba ce, a kan idona aka yi.

A wani ƙauye na ƙasar Gwashi aka haife ni, Baba kuwa shi ne makaɗin noman yankin. Idan damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, sai a kira gayya, maza su taru su yi wa mutum ɗaya huɗa a yini guda. Mu 'yan mata mu ne masu kai fura. Tun daga nesa, ƙwarya a ka, nakan gane wanda ke gaba a kuyyar huɗa, don kowane gida yana da takensa, wato kiɗan da ganga ke kiransa da shi. Baba na sakin taken mutum, sai ka ga bayansa ya miƙe, galma na tashi da ƙasa jiƙaƙƙiya mai ƙamshi. Na taɓa ganin dattijo da furfura ya yar da sanda ya karɓi galmar ɗansa, don an taɓa taken ubansa. Taken nan ba a rubuce suke ba. Suna kan Baba, shi ma daga kan nasa uban ya kwashe su.

Kwana ya ja. Na yi aure, na haifa, na aurar, mijina ya rasu, na dawo gida ina duba Baba, don Inna ta riga shi. Wajen shekarun da soja suka sauka aka koma farar hula, gayya ta soma ja da baya, wasu ma na ɗaure wa kiɗa fuska. 'Ya'yansa maza babu wanda ya ɗauki gula, sandar kiɗan ke nan. Abin da ke cin tsohon ɗaya ne: kada a rufe shi da taken mutane a ka.

Ana nan sai ga ɗan yayana daga Anka. Ubansa masinja ne, shi ya sa yaron ya yi boko har jami'a, can nesa, tafiyar yini cur a mota. Wai malamin kiɗa zai zama. Mun yi dariya, don ba mu san ana zuwa makaranta a koyo abin da ke rataye a zaurenmu ba. Rani biyu yana zuwa hutu yana zama gaban kakansa. Suna wasan jika da kaka, tsohon na ce masa, “Kai mai hannun rubutu, haka za ka kira manomi? Wanga kiɗa naka ko kaza ba ta tashi.” Ni ke dama musu fura. Na ga Baba ya ƙara ƙiba a ranin nan.

Rani na uku ya zo da magana. Ya ce a jami'arsu ana gwada makaɗa, wanda ya ci a ba shi takarda, mai takarda kuwa yana iya tsayawa gaban 'yan makaranta ya koyar. “Tsoho, in ka bi ni ka buga musu, yaran ƙasar ga duk hannunka za su biyo.”

Mu abin da muka sani da gwaji shi ne na bakin gona: a tara makaɗa, kowa ya buga, wanda ya tada maza shi ya ci. Haka Baba ya ɗauka, haka ni ma. Ya sa aka yanka akuya, ya sake wa ganga fata, ya yi kwana bakwai yana ja yana saurare. Na wanke masa babbar rigarsa ta Idi. Mutumin da bai taɓa wuce Gummi ba ya hau bayan babur, ganga a baya, yana ɗaga wa mutane hannu.

Bayan kwana huɗu ya dawo, ƙafafu a kumbure, baki har kunne. Ya ce wani babban ɗaki aka kai su, mutum uku zaune bayan tebur da alƙaluma. Jikan ya tsaya gaba da ƙaramar ganga, shi yana gefe da babba. Ya saki take, ɗakin ya ɗauka, har wani mai furfura cikinsu ya ajiye alƙalami yana kaɗa ƙafa. Suka yi ta tambaya da Turanci, jikan na amsawa. Da suka fito Baba ya ce masa, “Mi sunka ce?” Jikan ya ce, “Sun ce za a aiko.”

Daga ranar Baba ya koma zama bakin hanya. Duk ɗan acaɓar da ya ɓullo daga Bukkuyum sai ya tsayar da shi ya tambaya ko an ba shi saƙo. Aka yi shuka, aka yanke gero, aka ɗaure dawa. Samari suka fara ce masa Malam, wasu da gaske, wasu da dariya a ciki. Ya sa na ɗinka masa jakar fata wadda zai sa takardar, don kada gara ta ci.

Da na ji labarin yaron ya gama har ya sami aikin koyarwa a wata makarantar kwana, sai na shirya na tafi Anka. Na same shi zauren ubansa yana goge takalmi. Bayan gaisuwa na ce, “Ina takardar tsoho?”

Ya daɗe yana goge wuri ɗaya. Sannan ya ce, “Goggo, abin ba haka yake ba.” Ya shiga lissafa mini. Sai mutum ya gama sakandare ya ci darussa har da Turanci. Sai ya ci jarrabawar shiga. Sai ya yi shekara huɗu, ya iya karanta kiɗa a rubuce kan layuka, ya je wata makaranta ya yi koyarwar gwaji ana kallonsa. A ƙarshe ya buga gaban malamai, kuma an yarda ya zo da wanda zai raka shi da kiɗa.

Na ce, “To ranar nan wa anka gwada?”

“Ni.”

“Ka san haka kafin ka ɗora shi bisa babur?”

“Na sani, Goggo. Da na faɗi mishi gaskiya, ba ya zuwa.”

Ban zage shi ba. Ruwan da aka kawo mini ma ban sha ba. Duk hanya ina shawarar in ce wa Baba ana nan ana shiri. Amma da na hango shi bakin hanya ya miƙe yana duban hannuna, na ga ƙaryar da aka yi masa ta isa.

Na faɗa masa duka. Ya saurara bai katse ni ba. Can ya ce, “To ni na ci ko na faɗi?”

Na ce, “Ba kai anka duba ba, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya ce in kama shi mu shiga gida. Bai sake buga wa kowa ba. Yaron ya dawo da rediyo mai ɗaukar murya, wai zai kwashi sauran taken, tsohon ya amsa sallamarsa, ya tambayi lafiyar ubansa, ya juya fuska bango. Damina biyu Baba ya ƙara a duniya. Abin da jikan ya samu bai kai rabin rabi ba, sauran muka bi su da addu'a.

Yau gonakin nan magani ake fesa musu, samarin sun tafi ramukan zinari wajen Bagega. Ban ce boko mugun abu ba ne, jikokina na ciki. Dokar jami'a ma ban riƙe ta ba, ba ta san Baba ba, ba ta kuma sha furarmu ba. Shi yaron yanzu babban malami ne, har da furfura. Kowace Sallah yana kira ta wayar ɗana, ya ce, “Goggo, ki yafe mini.” Nakan amsa gaisuwarsa, don gaisuwa hakki ce. Sannan in ce masa ba ni ya ɗauka ya kai gaban mutanen nan ba. Wanda zai roƙa yana kwance gabas da gari, kuma ya san hanya.