Haggai Ya Bar Musu Piyanon

Haggai mutumin Pankshin ne. Ya iso London da takardar koyarwa, ba a ba shi aji ba. Matarsa Damaris nas ce a asibiti, lokacin aikinta ba ya da tsari, don haka shi ya zauna gida da 'ya'yansu biyu a gidansu na unguwar Peckham. Shi ke girki, shi ke kai su makaranta, har kitso ya koya. Ranar Lahadi shi ke kaɗa piyano a coci, inda wasu maza ke kiransa mijin-ta-ce suna dariya. Bai taɓa tanka musu ba.

Wata Asabar aka yi bikin tsofaffin finafinai a zauren unguwa, irin waɗanda aka yi fiye da shekara ɗari, babu magana a cikinsu. Ana bukatar mai kiɗa, sai aka kira shi. Matar da ta shirya taron ta ce masa fim ɗin ban dariya ne, an yi hasashen yadda duniya za ta koma nan gaba, ya sa kiɗa mai sauri.

Hoto ya fito. Mata sanye da wando suna shan taba suna mulkin gari, ga namiji a kicin, jariri na kuka a hannunsa, tukunya na ƙonewa. Matar mutumin ta shigo ta ja masa kunne. Zauren ya ɗauki dariya. Dalyop, wani dattijon cocinsu, ya ɗaga murya daga baya.

"Haggai, ai kai aka ɗauka a nan."

'Yar Haggai na zaune a layin gaba, ta sunkuyar da kai. Haggai ya ɗauke hannunsa daga piyanon, ya juyo.

"Baba Dalyop, wa ya wanke ka lokacin da kake jariri? Ita ma abin dariya ce?"

Ya kama hannun yaransa suka fita. Aka ƙarasa fim ɗin babu kiɗa.

A gida ya ba Damaris labari. Ta cire takalmin aiki ta jefar gefe.

"To ni fa? Macen da ke fita aiki sun mai da ita dodo, wannan bai dame ka ba?"

Ya ce ya dame shi. Ta ce bai faɗa ba.

Washegari suka je coci tare. Da aka zo waƙa, bai tashi daga kujerarsa ba. Fasto ya aiko a kira shi, Haggai ya ce a faɗa wa Dalyop ya hau ya kaɗa. Har yanzu bai koma kan piyanon ba.