Madarar Turare a Shishar Aljihu

Honarabul ne ya kashe mini shishar aljihuna. Ya zare ta daga rigata ban sani ba, ya tafi da ita ɗaurin aure, ya zuƙe ruwanta tas, ya ƙona audugar, sannan ya ɗura mata madarar turare ya dawo mini da ita yana jiran godiya. Sanadin haka na koma taba, sanadin taba kuma na rasa wurin zamana a bakin gungumen bugu.

Tare muka tashi da shi a unguwar Koki, lungu ɗaya. Ni na tsaya a aji biyu na sakandare, shi ya lallaɓa ya gama. Da soja suka sauka aka dawo farar hula, sai ya buga fosta wai kansila yake nema. Ko zaɓen fid da gwani bai tsallake ba. Amma sunan ya manne masa, har yau kowa Honarabul, har matarsa. Ba shi da sana'a sai bin manya da halartar taro. Ni kuwa bugu nake yi a Ƙofar Mata, dab da marina. Mutum biyu ke zama suna fuskantar juna, gungume a tsakani, a shimfiɗa shadda, kowa da gudumarsa ta itace, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, har ƙyallen ya yi sheƙi. Mutane na ɗauka aikin damtse ne. Na numfashi ne. In numfashinka ya gaza, abokin bugunka ne zai fara sani, don a hannunsa kiɗan zai karye.

Taba tun zamanin soja nake sha. An yi zaɓe, an sake yi, an kuma, ina nan da karata a baki. Har ta kai in na tashi da asuba sai na dafa bango na gama tari kafin in iya alwala. Akwai wani Alhaji cikin Larabawan cikin gari, mai fataucin shadda, mu muke yi masa bugu. Wata rana ya zo karɓar kaya ya tsaya yana saurarena, ya ce, "Malam, tarin nan naka ya fi gudumarka ƙara." Da ya dawo daga tafiya sai ya miƙo mini wani ɗan kwali. Abin bai fi tsawon tafin hannu ba, baƙi, da batir mai cirewa a ƙasa, da 'yar tukunya ta roba a sama inda ake zuba ruwan. A cikin tukunyar akwai koyil, wato 'yar waya a nannaɗe da auduga. Ka danna, wayar ta yi zafi, ruwan ya zama tururi, ka ja. Ya nuna mini sau ɗaya a tsaye, ya shiga motarsa.

Ba magani ba ce, kar wani ya ce na faɗa. Yaron da bai taɓa sa komai a bakinsa ba, in ya je ya saya, wauta ya saya. Amma ni ta raba ni da kara, tarin ya lafa, na dawo ina bugu tun safe har azahar ban nemi a dakata mini ba.

Matsalar, kayanta tsada. Kullum ka je sai a ce maka dala ta tashi. Mai bugu kuwa ba shi da kuɗin wasa, ba shi kuma da lokacin yawo Sabon Gari neman koyil duk mako. Dole na koyi lallaɓa ta, kuma da asara na koya.

Na farko, irin waɗanda ake sha a yar, masu kala-kala kamar alawar yara, ko kyauta aka ba ni ba na so. A ido suna da araha, amma in ka lissafa kuɗin wata guda sai ka ga sun fi taba cin aljihu. Mai tukunya ita ce ta talaka. Ruwan kuma babbar kwalba nake saye, in riƙa tsiyaya a ƙarama, babbar na can ƙarƙashin gado inda rana ba ta kaiwa. Mai zaƙi sosai da mai duhu na daina, suna yi wa koyil kanzo kamar gindin tukunyar dambu, kafin ka ankara ya mutu. Koyil kuwa da kwali nake saye, mu haɗa da wani tela a Dukawuya da shi ma yake sha, mu raba. Tafiya ɗaya ta ishe mu mu daɗe.

Sabon koyil ba a ɗora shi a hau ja. Sai ka ɗiga ruwa a kan audugar, ka cika tukunyar, ka ajiye ta a tsaye ka je ka yi wani abin. Ni salla nake zuwa in yi in dawo. Wanda ya ƙagu ya danna a bushe, ya ƙona audugar tun ran farko, kuma ƙauri in ya shiga ba ya fita, ko da me ka wanke. Wutar ma ba na ƙure ta. Samari na son hayaƙi ya turnuƙe kamar an kunna yayi, su ɗauka a waya. Ni ba kallo nake nema ba. Wuta kaɗan, ja gajere, a huta tsakani. Ruwan kuma ba na bari ya sauka ƙasa da ramukan koyil, da ya kusa sai in ƙara. Ran Juma'a da safe, da yake ba ma bugu sosai, in kwance ta in wanke tukunyar da ruwan ɗumi, ba sabulu, in kife a kan tsumma ta bushe.

Batir biyu gare ni, saboda halin wutarmu. Ɗaya na aiki, ɗaya na wurin mai caji. Na ɗiga musu jan farcen 'yata don kar a musanya mini da irin waɗanda ake farkewa daga tsohuwar kwamfuta. Kuma da ya cika nake karɓa, ba na bari ya wuni a jone. Na ajiya a 'yar jakar leda yake shi kaɗai, ba ya haɗuwa da mukulli ko kwabbai, don na ga wanda aljihunsa ya yi hayaƙi a sahun salla.

Da wannan lallaɓar koyil ɗaya kan yi mini ninkin abin da yake yi wa telan. Abu ɗaya ne ban samo dabararsa ba, shi ne ɗani.

Mu da ɗani muka tashi. Ɗanin keke, ɗanin rake, ɗanin taba. Kara ɗaya sai ta zagaya majalisa, kowa ya ja biyu ya miƙa, ba wanda ya ga laifi. To mutanenmu sun ɗauka wannan ma haka take. Ba haka take ba. Kara in ta ƙare ta ƙare, gobe ka sayi wata. Wannan in ta faɗa hannun wanda bai san ta ba, sai ya danne maɓallin ya yi ta ja ba hutu har audugar ta bushe ta ƙone. Na ba da ɗani a farko, na yi asarar koyil, na daina. Kowa ya haƙura ban da Honarabul.

"Mutumina, ɗan ba ni in ɗana mana."

"Ba a ɗana ta."

"Kai, ji shi! Matarka ce?"

"Ita ma ba a ɗana ta."

'Yan majalisa su kwashe da dariya, shi kuma ya juya ya ce, "Ku shaida, tun muna firamare haka yake. Ko gyaɗa ya saya a aljihu yake ɓarewa."

Wata Asabar da hantsi ya zo wurin bugu cikin babbar riga, yana ta ƙamshi. Ɗan wani babba a jam'iyyarsu ake ɗaura wa aure. Ya gaisa da Baba, maigidanmu mai wurin, ya yi mana sannu da aiki. Ni ina bakin gungume da singileti, rigata na rataye a ƙusa bayan ƙofa, shishar na aljihunta a tsaye. Mai bugu ba ya waiwaye, in ka waiwaya ka daki yatsan abokinka. Ban san ya fita da ita ba sai da muka tashi salla.

Bayan la'asar sai ga shi ya dawo yana fara'a.

"Ga amaryarka, na dawo da ita lafiya. Wallahi ta yi mini aiki, har ciyaman sai da ya tambayi inda na samo ta."

"Wa ya ba ka?"

"Haba, ɗani ne fa. Kuma gyara ta na yi maka. Ruwanka ya ƙare tun kafin a shafa fatiha, ta fara wani ƙauri kamar an ƙona tsumma. Na ce ba zan ji kunya a gaban manya ba, na buɗe na zuba mata nawa." Ya zaro 'yar kwalbar madarar turare daga aljihu, irin wadda kowane magidanci ke yawo da ita don Juma'a da taro, ya kaɗa ta a gabana. "Mai tsada ne, ba irin na bakin masallaci ba. Shinshina ka ji."

A ganinsa abu mai ƙamshi ai abu mai ƙamshi ne. Tunda ruwan na ƙamshin na'a-na'a, turare ma sai ya fi. Bai san wancan ruwa ne da aka yi don tururi ba, wannan kuwa mai ne. Na duba, tukunyar ta yi gajimare, ta tsage ta gefe, man ya gangara ya shiga maɓallin. Na kwance ta, na wanke, na shanya, na sa sabon koyil. Na kai wa mai gyaran waya ya buɗe, ya ce cikin ya jiƙe, ya riga ya ƙone. Na je Sabon Gari, masu shago suka ce irinta ba ta zuwa yanzu, sai dai sabon samfuri, suka faɗi kuɗin, na juyo. Alhaji kuwa ba zan koma in ce masa kyautarsa ta mutu ya sake ba ni wata ba. Ba a haka.

Tsakanin gidana da Ƙofar Mata akwai mai tebur da ke sayar da taba kara-kara. Na daɗe ina wuce shi muna gaisawa kawai. Na yi 'yan kwanaki ina cin goro har haƙorana suka yi ja, ina yi wa yara tsawa ba dalili. Wata safiya na tsaya na ce ya ba ni ɗaya. Ya miƙo har da ashana. Kafin watan ya ƙare na koma inda nake da, har na wuce.

Tarin ya dawo da ƙarfinsa. Abokin buguna mutum ne mai kawaici, ya yi ta rage hannu don in cim masa. Amma kiɗa ba ya ɓuya, ana jin sa daga marina. Ranar da muke kan shaddar wasu 'yan biki tari ya sarƙe ni, guduma ta sauka a karkace, bakinta ya ci ƙyallen. Baba ya zo ya ɗaga shaddar ya duba ta a haske. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, ka koma ninki ka huta, in ƙirjin ya saki sai ka dawo." Ninki aikin tsofaffi ne, kuma abin da ake samu bai kai rabin na bugu ba. Washegari aka zaunar da wani a wurina.

Daga baya na samu wata ƙaramar shisha ta hannu a wurin telan nan, na sake barin taba, da ƙyar wannan karon. Ƙirjin ya saki, amma ba kamar da ba. Wanda aka sa a wurina kuma yana da ƙarfi, yana da iyali, ba wanda zai tashe shi. Ina ninki har yanzu.

Duk tsawon lokacin nan Honarabul bai taɓa tayar mini da maganar ba. A majalisa ma cewa yake na daina gaishe shi saboda ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ni kuma ban neme shi ba. Sai da kakar zaɓe ta zagayo ya kawo manyan rigunansa bugu. Ya same ni a kan tabarma ina ninke shadda, Baba na gefe a kujera, masu bugu na aiki.

"A'a, mutumina! An zama manya ke nan, an bar duka sai ninki. Ka ga farar nan, ka sa a yi mata da kyau, da ita zan hau mumbari."

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ɗaga wa masu bugu hannu suka dakata, don ba na son ya ce bai ji ba.

Na ce, "Honarabul, ba girma ne ya zaunar da ni a nan ba, kai ne. Ka sa hannu a aljihuna ina bakin aiki, ka ɗauki abin da ke riƙe da numfashina ka je ka yi ado da shi a gaban mutanen da ko sunanka ba su sani ba. Ka kashe shi, ka dawo kana cewa in shinshina. Ban ce ka biya ba, na san ba ka da shi, rigar nan ma na san mai ita. Cewa kawai nake jira ka yi, na yi kuskure, ka kasa. Rigunanka za a buga, don na Baba ne wurin ba nawa ba. Amma ni ba zan ninke su ba, ka ninke kayanka da hannunka. In mun haɗu a jana'iza mu gaisa, iyakarmu ke nan. Kuma kar ka ƙara ce mini mutumina."